Ghali, Wanda Ya Ƴanta Komfutarsa

Ghali ɗan wana ne, kuma ba na son sa. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta har tsakiya ya ce na ɓoye masa. Ba mugu ba ne. Mugu yana da abin da yake nufi. Shi Ghali, in ya hango sabon abu, sai ya manta da wanda ke hannunsa har ya faɗi ya fashe, sannan ya juyo ya yi maka bayanin yadda fashewar ta fi alheri.

Sunana Rakiya. A Damagaram aka haife ni. Na yi lekkol, wato boko, har kwaleji, na yi aikin buga takardu a wani buro, ofishin gwamnati, a Agadas shekara shida, sannan maigidana ya kawo ni Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, inda yake sayar da atamfa. Ya rasu, ni na zauna. Ghali ya iso nan yana da shekara goma sha tara, da wasiƙar ubansa a aljihu wai in sa masa ido. Yau ya haura arba'in da huɗu, furfura ta fito masa a gemu, ni kuma idona ya gaji.

Aikinsa na farko lodin kamiyo ne, manyan motocin kayan nan da ke bin hanyar In Amguel su yi arewa. Shekara huɗu ya yi a nan, ya fito da darasi ɗaya da ya zauna masa a ka: abu mai nauyi shi ne kaya, abu marar nauyi shara ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Daga lodi ya koma dafa abinci wa masu yawon buɗe ido da ake hawa da su dutsen Assekrem, inda ya koyi yin Faransanci ta hanci. Daga nan ya haɗa lambu da wani Buzu a Outoul, ya bar shi tumatir na kore, saboda wani ya gaya masa kiwon kaji ya fi. Kajin ma sun gan shi na wata biyar.

Sai ya buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a unguwar Gatalwad, bayan shagon teloli. Ɗaki ne da bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, ya manne bangon da kwalin ƙwai. Komfuta ɗaya ta hannu, makirfo ɗaya, lasifika biyu. A nan ya zauna shekara tara, abin da ya ba kowa mamaki. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: yana da kunne. Yana yi wa ƴan kasuwa waƙar talla, yana yi wa amare waƙa da sunayen danginsu, samarin Najeriya da ke wucewa arewa su ma sukan tsaya su ɗauki waƙa ɗaya su aika gida kafin su hau mota. Har na fara cewa ƙila ya girma.

Zaituna ƙawata ce, mutuniyar Agadas, mawaƙiyar biki. Shekara talatin tana waƙa ina tsaye bayanta ina amshi. Akwai waɗanda suka ce bai dace da matar da ta yi lekkol ba. Sun gama faɗa sun gaji. Babu Bahaushiyar da aka aurar a garin nan cikin shekarun nan ba tare da muryar Zaituna ba, har da Buzaye da yawa. Sai maƙoƙo ya fito mata a wuya. Ya yi ta girma har numfashi ya fara yi mata wuya. Likitoci suka ce sai an kai ta Aljer, babban birnin ƙasar, an cire, suka kuma ce kada ta sa rai muryar waƙa za ta dawo.

Bikin jikarta Walida kuwa an riga an sa shi, wata biyu bayan ranar aikin. Matar da ta yi wa ƴaƴan kowa waƙa ba za ta yarda a aurar da jikarta ba a ji ta ba. Ta ce za ta ɗauki waƙoƙinta tara kafin ta tafi, a sa su ranar bikin.

Na ce, "Mu je wurin Amadu."

Amadu shi ne mai ɗaya ɗakin waƙar, kusa da kasuwar Asihar. Mutum ne mai sanyin jiki, in yana magana sai ka yi hamma sau biyu, amma bai taɓa ɓatar da abin kowa ba.

Zaituna ta ce, "Amadu ba ya sa wa murya mai kamar Ghali ɗan wanki."

Abin da take nufi da mai, wata ƙaramar manhaja ce a cikin komfutar Ghali da ke miƙe murya in ta karkace, ta goge kaushinta. Amadu ma yana da ita, amma shi da ɗan cokali yake zubawa, Ghali da ludayi.

Na ce, "Ɗan wana ne, shi ya sa na ce mu je wurin Amadu."

Ba ta ji ba. Muka yi kwana goma sha ɗaya muna zuwa ɗakin Ghali. Numfashinta ba ya kai ta ƙarshen baiti, don haka layi layi ya riƙa ɗauka. Layi ɗaya ta maimaita shi sau uku, sau huɗu. Nawa amshin daban ya ɗauka. Kowace yamma sai ya jera gutsattsarin, ya sa kiɗa a ƙasa, ya zuba mansa, ya kunna mata ɗan kaɗan ta ji. Tana jin daɗi. Ya ce saura gyara kaɗan, kafin ta dawo komai ya kammala. Na ce ya ba mu abin da ya samu haka nan a waya. Ya ce, "Gwaggo, ba a fitar da aiki ɗanye." Zaituna ta hau jirgi.

Kwana uku bayan tafiyarta, wani tsohon abokinsa ya roƙe shi ya raka su Assekrem, mai dafa musu abinci ba shi da lafiya. Ya tafi. Cikin baƙin akwai wani Bature mai aikin komfuta. Ban san abin da suka tattauna a kan dutsen nan ba, amma Ghali ya sauko da kalma ɗaya a baki, "libir", wato ƴanci, da wani ɗan makullin ajiya da suke kira kile, wanda Baturen ya ba shi.

Ga abin da na fahimta daga baya, kuma na fahimce shi da kyau, don na biya da gwiwoyina. Kowace komfuta tana da babban tsarin da ke tafiyar da ita, suna ce masa sistem. Ta Ghali tana kan Windows, kamar ta kowa a garin nan. Baturen ya gaya masa akwai wani, Linux, wanda ba na kamfani ɗaya ba ne, kowa yana iya ɗauka ya gyara yadda yake so. Wannan duk gaskiya ne, ban ga laifin Baturen ba. Ina jin ma ya gaya masa cewa manhajar da aka yi don wancan tsarin ba lallai ta yi aiki a wannan ba. Amma Ghali ba ya jin rabin magana na biyu.

Kafin ma ya taɓa komfutar, sai da ya je ƙofar Amadu, inda mutane ke shan shayi da hantsi, ya tsaya ya yi wa'azi. Telolin da suke wurin su suka ba ni labari.

Ya ce, "Ku duka bayi ne. Kai Amadu, komfutar nan taka ce? Kullum sai ta ce maka jira, ina sabunta kaina, kai kuma ka naɗe hannu kamar mai jiran jandarma ya gama duba takarda. Ni na gama. Gobe zan yi migrasiyo."

Amadu ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Migrasiyo. Haka masu komfuta ke kiran sauya tsari, wato ƙaura. A wani gari ƙila kalma ce kawai. A Tamanrasset kuwa, inda kullum muke ganin mutane suna sauka daga bayan mota da jarka ɗaya da leda, ya kamata kowane mai hankali ya tsaya in ya ji ta. Mun san mai ƙaura ba ya isa da duk abin da ya taso da shi. Ghali ya yi shekara huɗu yana lodin kayan irin waɗannan mutane, bai koyi wannan ba.

Ranar da aka kira ni daga Aljer aka ce an yi wa Zaituna aiki lafiya, na tashi da safe na tafi Gatalwad in karɓi waƙoƙin, in aika mata ta ji a gado. Na iske shi zaune, komfuta a buɗe, hoton wani tsuntsu mai ƙiba, alamar sabon tsarin, a fuskarta. Bai tashi ya gaishe ni ba, ya gaishe ni daga zaune da sauri. Nan na san akwai magana.

Na ce, "Ina waƙoƙin?"

Ya ce, "Gwaggo, zauna tukuna. Kin ga yadda take tashi yanzu? Kafin ki ƙirga goma ta buɗe."

"Ban zo ganin tashinta ba."

"Muryar tana nan. Wallahi duk tana nan, ko numfashi ɗaya bai ɓata ba."

"To kunna."

Ya danna wani abu. Muryar Zaituna ta fito, kalma huɗu, ta yanke. Ya danna wani. Kalma uku daga wata waƙar daban. Ya danna na uku, sai na ji kaina ina amshi ga wanda bai ce komai ba.

Na ce, "Ghali, mene ne wannan?"

Sai ya fara bayani, ni kuma na bar shi ya yi, don ina son in san girman ramin. Kafin ya sauya tsarin, ya kwashe komai na aikin Zaituna ya zuba a kile, duk waƙoƙi taran a jaka ɗaya. Da ya gama sauyawa ya maido su. Gutsattsarin murya suna buɗewa, don kowane tsari ya san su. Amma akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa guda tara a cikin jakar da sabon tsarin bai gane ba. Ya nuna su farare, ba fuska, in an danna ba sa buɗewa. Ghali ya duba nauyinsu. Gutsuren murya ɗaya ya ninka su sau ɗari. Sai ya ce shara ce tsohon tsarin ya bari, ya goge su, ya goge na cikin kile ɗin ma don ya samu wuri.

Waɗannan taran su ne takardun jeri. Su ne ke cewa wannan layi yana bin wancan, wannan maimaicin ne mai kyau, nan amshi ke shiga, nan kiɗa. Ba su da nauyi don ba murya a cikinsu, sai umarni.

Na ce, "Ka yi lodin buhuna, ka jefar da takardar dowan, ta kwastan, don ba ta da nauyi."

Ya ce, "Ai ko da ban goge ba, ba za su buɗe a nan ba."

"Za su buɗe a wurin Amadu?"

Ya duƙa yana gyara wayar lasifika.

"Ina tambayar ka."

"Za su buɗe."

Ban mare shi ba. Hannuna na dama yana ciwo tun bara. Na tambaye shi gutsattsarin nawa ne. Ɗari huɗu da goma sha biyu. Na ce ai kowane yana da ranar da aka ɗauke shi. Ya ce agogon cikin komfutar ya mutu tun shekara biyu, duk suna nuna rana ɗaya. Sunayensu kuwa lambobi ne da na'ura ta ba su, kuma da ya zuba su jaka ɗaya lambobin suka cakuɗe.

Ya ce, "Gwaggo, in Inna Zaituna ta dawo sai ta sake..." Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskata.

Ban gaya wa Zaituna ba. Ba tausayi ba ne. Likita ya hana ta ɗaga murya, kuma na san ta, da ta ɓarke ɗinkin.

Washegari na zo da littafin rubutu biyu, almakashi da tabarmata. Shekara shida na yi ina jera takardun gwamnati da wasu suka watsar, ban manta aikin ba. Na ce masa, "Kai kunna, ni in rubuta. Kada ka yi magana sai na tambaye ka." Kowane gutsure na rubuta lambarsa da kalmominsa a layi ɗaya. Kwana huɗu muka yi a kan wannan kawai. Sannan na yanka layukan da almakashi, na baza su a tabarma, na fara rarrabawa.

Da waƙoƙin sun kasance irin na yaran yanzu, da aikin ya zo da sauƙi. Amma waƙar biki tana maimaita kanta. "Ku ba ta hanya" yana cikin waƙa huɗu daga cikin tara. Akwai layin da ta faɗa sau goma sha bakwai a wurare daban-daban. Abin da ya cece ni amshi ne. Mai amshi ba ta haddace waƙa daga farko zuwa ƙarshe, tana haddace abin da ke zuwa kafin nata. In na ji layi, bakina yana buɗewa da kansa da amsar da ta dace, daga amsar sai in san waƙar. Inda baki ya kasa, bango ya taimaka. Kwalin ƙwan Ghali bai hana ƙarar keken teloli shigowa ba. Gutsattsarin da babu ƙarar keke a bayansu na ranar Juma'a ne, kuma na san waƙar da muka ɗauka ranar Juma'a. Akwai ranar da ta sa awarwaro, ana jin su. Akwai ranar da take mura.

Shi kuma yana fama da sabuwar manhajar haɗa sauti da bai taɓa gani ba. Abin da da yake yi da danna ɗaya, yanzu sai ya nema rabin sa'a. Akwatin da makirfo ke shiga ya ƙi magana kwana biyu. Kiɗan da ya saba sawa duk na tsohuwar manhajar ne, babu ko ɗaya, sai da na kira mata biyu suka zo da ƙwarya da turmi muka buga da hannu. Duk da haka bai fasa ba.

Ya ce, "Kin ga, Gwaggo, a nan ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. A da fa da tuni ta daskare."

Na ce, "Lamba ɗari biyu da shida."

"Ina nufin, in mutum ya saba..."

"Ɗari biyu da shida, Ghali. In ka sake yabon tsuntsun nan a gabana, zan sa teloli su ɗinke maka baki, ga su nan kusa."

Ta bayan bango wani tela ya ce, "Kyauta za mu yi, Hajiya."

Kwana goma sha tara muka yi. Gwiwoyina har yau ba su yafe masa ba. Amma waƙoƙi tara suka tsaya, daga farko har ƙarshe. Ba zan ɗora wa sabon tsarin laifin da ba nasa ba, ya haɗa su ba tare da gardama ba. Abin da babu shi ne man. Manhajar man ta tsohon tsari ce, ta tafi tare da shi, wanda ya sa masa ita kuma wani ɗan Kano ne da ya wuce arewa shekaru da suka shige. Akwai wata mai kama da ita a sabon tsarin. Ya gwada, bai iya saita ta ba, Zaituna ta koma kamar sauro a cikin kwalba. Na ce ya cire.

Zaituna ta dawo saura kwana tara biki, da mayafi naɗe a wuya. Magana sai raɗa, sai ka kai kunne kusa. Na kai ta ɗakin, na zaunar da ita a kujera ɗaya da ke wurin, na gaya mata abin da ya faru cikin jimla biyar. Ta dubi Ghali. Shi yana duban kwalin ƙwai. Na ce ya kunna.

Ta saurari baiti biyu. Murya ce ta mace mai shekara sittin da bakwai da abu ya toshe wa wuya. Tana rawa a inda ta hau, tana kaushi a inda ta sauka, ana jin jan numfashi kafin kowane layi. Zaituna ta ɗaga hannu, ya tsayar. Ta jawo ni da gefen zane.

Ta raɗa, "Wace ce wannan tsohuwar?"

Na ce, "Ke ce."

"Ba haka ya kunna mini ba."

"Wancan da mai ne."

Ta dubi lasifikar. Sannan ta ce, "Haka nake a gaban mutane?"

"Shekara uku ke nan."

"Kina bayana kina ji, ba ki gaya mini ba."

"Ba ki tambaye ni ba. Kuma ba wanda ya tashi daga wurin biki don ke."

Ta sake ni. Ta nuna Ghali da yatsa, ya matso ya durƙusa ya kai kunnensa. Na ji abin da ta ce, don ɗakin ƙarami ne.

"Goge."

Ya ce, "Inna..."

"Ba za a sa wannan a bikin jikata ba. Ko ka maido muryar da ka kunna mini, ko ka goge. Ka iya gogewa ai."

Na ce mata ni a ganina a bar ta yadda take. Man nan yana miƙe har da lanƙwasar da ba kuskure ba ce, irin ta matan Agadas, wadda ita kaɗai ta rage mai yin ta a garin nan. Ta ce, "Muryarki ce?" Ba tawa ba ce.

Hanya ɗaya ta rage, dukanmu mun san ta. Ghali ya ce zai aika wa Amadu kile ɗin ta hannun wani. Na ce a'a. Ya ce zai je bayan sallar azahar, lokacin ba kowa. Na ce gobe da hantsi, kuma tare za mu je.

Mun iske masu shan shayi bakwai a ƙofar Amadu. Amadu ya miƙe ya gaishe ni, ya kawo mini kujera, sannan ya dubi Ghali a hankali, kamar yadda yake yin komai.

Ya ce, "A'a, baƙo daga ƙasar ƴanci. An iso lafiya? Ya hanya?"

Mutane suka fara dariya. Ghali ya miƙa masa kile ɗin, ya ce, "Aikin Inna Zaituna ne. Gyaran murya kawai."

Amadu bai karɓa ba. Ya ce, "Nan fa gidan bayi ne. Kada in ɓata maka suna."

Wani daga cikin masu shayin ya ce, "Ka duba takardunsa tukuna, Amadu, ƙila ba shi da izinin dawowa."

Ghali ya dube ni. Na dubi butar shayi. Na yi zaton zai juya ya tafi, don haka ya bar lodi, haka ya bar lambu, haka ya bar kaji. Duk inda aka kai wurin jin kunya, sai ya gano wata sabuwar sana'a. Ya tsaya, hannunsa a miƙe.

Ya ce, "Na yi kuskure. Na sauya ban tambaya ba, na goge abin da ban sani ba. Matar nan ba za ta sake waƙa ba, biki saura kwana takwas. Ka taimaka."

Amadu ya ce, "Ban ji na farkon ba, keke ya wuce."

Babu keken da ya wuce. Ghali ya maimaita, da ƙarfi. Amadu ya karɓa. Ya ce shi komfutarsa zai bayar, amma Ghali ne zai zauna ya zuba man, don shi bai iya ɓarna irin wadda Zaituna ke so ba. Kwana uku Ghali ya yi a ɗakin Amadu, a kan ƙaramar kujera, kowa ya shigo sai ya ce masa sannu da dawowa.

An yi bikin Walida ranar Asabar da la'asar, a farfajiyar gidan ubanta. Aka kunna lasifika. Murya ta fito sumul, tana sheƙi, ba numfashi ba kaushi, kamar ta yarinya ƴar ashirin da ba ta taɓa rasa kowa ba. Mata suka tashi rawa. Wata baƙuwa daga Maraɗi ta sunkuyo ta tambaye ni ƴar wace ce ke waƙar. Zaituna ta ji. Ta gyara zama, ta gyara mayafin wuyanta, ban taɓa ganin ta da fara'a haka ba tun kafin ciwon.

A waƙa ta shida ta mintsine ni a cinya. Na kai kunne.

Ta ce, "Kin sa sunan uban amarya gaban na kakanta."

Na saurara. Gaskiyarta. Layi biyu na sauya wa wuri a cikin ɗari huɗu da goma sha biyu, kuma kakan yana zaune a zaure yana ji.

Na ce, "Ki gaya wa Ghali."

Ta ce, "Ke kika jera."

Ɗayar muryar, marar mai, tana cikin wayata. Na sa shi ya zuba mini tun kafin ta ce a goge, kuma ba ta sani ba, sai dai in wani ya karanta mata wannan. Ba na kunna ta kullum. Amma wadda aka yi rawa da ita ban san mai ita ba, wannan kuwa shekara talatin ina tsaye bayanta.

Ghali yana nan a Gatalwad. Bai koma tsohon tsarin ba, ya ce ya riga ya sha wahalar koyon sabon, kuma yanzu aikin yana fita. In ana son mai, sai ya ɗauki kile ya tafi Asihar a yi masa dariya. Makon jiya na ji yana gaya wa wani cewa komfuta ma ta zama tsohon yayi, waya kaɗai ta isa a haɗa waƙa. Na bar wa telolin lambata. Na ce duk ranar da suka ga ya shigo da sabon abu a leda yana murmushi, su kira ni kafin ya zauna.